Ranar da Casilda Ta Shiga Agwagwa

Casilda ba matar ruwa ba ce, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekararta sittin da huɗu a garinmu, dam ɗin yana nan a gindin tudu tun tana goye, amma ko ɗan yatsan ƙafa ba ta taɓa tsomawa a ciki ba. Ita dai bar ta da tumakinta da ɗakin cukunta. Tana shekara tara uwarta ta koya mata daskarar da madara, tun daga ranar hannunta bai huta ba. Duk cuku mai laushi da aka ci a bikin aure ko na baftisma a garin nan daga wurinta ya fito. In ka taya da araha kuwa sai ta karɓe abinta ta mayar kan katako, ta ce ka je kanti ka sayi sabulu ka ci.

Mijinta Evaristo, tsohon mai raba wasiƙu, shi ne na ruwa. Shekara arba'in yana bin gefen dam da sandar fatsa, ruwa iya gwiwa, yana jefa wa kifin barbo ƙwaron ƙarya. Da hannunsa yake ɗaura ƙwarin, da gashin zakara da zare, a kan teburin da ake cin abinci. In ya kama kifi kuma ya dube shi, ya shafa shi, ya sake shi. Casilda takan ce ita ce matar masunci ta farko da ba ta san ƙarnin kifi a kwanonta ba.

Bara waccan, da sanyi, ya faɗi a bakin garke, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, hannu ma ya dawo daidai riƙe zare, amma ƙafar ta ƙi, janta yake yi. Duwatsun bakin dam suka fi ƙarfinsa. Shekara guda mutumin nan yana zaune a bakin taga yana ramewa, ko tsokanarta ya daina.

Ana nan sai Nicasio, mai shagon kayan fatsa a birni, ya kawo masa maganar agwagwa. Haka muke kiran kujerar nan ta roba da ake hurawa da famfo, mutum ya zauna a ciki, ƙafafunsa a ruwa, ya sa takalman iyo masu faɗi yana tuƙa kansa da baya da baya. Babu taka dutse, babu tsayuwa. Ranar Evaristo ya cinye abincinsa tas, Casilda kuwa ko loma ba ta iya haɗiyewa ba.

"Da ƙafafu ake tuƙa ta, ko?" in ji ta. "To kai nawa gare ka?"

"Ɗaya da rabi."

"Ɗaya da kayan ado dai. Iska ta kwashe ka zuwa tsakiya, wa zai dawo da kai?"

Ta ce a ɗaura masa igiya a kugu ta riƙe daga bakin ruwa. Ya ce shi ba tunkiya ba ne. Nicasio ma ya ce igiya ita ce haɗarin, don ƙasan dam cike yake da itatuwan da ruwa ya cinye, in ta maƙale shi ke nan. Ya rantse ƙafa ɗaya ta isa. Casilda ta ce ai dole ya rantse, tun da shi ke sayarwa, kuma ƙafafunsa shekara ashirin suna wannan aikin.

A ƙarshe ita ta yanke magana, kuma tana rufe baki ta yi da-na-sani. Ta ce ita za ta shiga. Za ta je har busasshen itacen nan da ke tsaye cikin ruwa ta dawo da ƙafar dama kaɗai. In ta iya, ya zaɓi agwagwar da yake so. In sai da ta sa ta hagu, ya rataye sandarsa har abada. Evaristo ya ce ya yarda.

Wata Talata da safe, cikin Afrilu, Nicasio ya sauke agwagwa uku a bakin ruwa. Ta farko zagayayyiya ce kamar tayar tarakta, sai an ɗaga ƙafa an zura ta sama. Casilda ta ce a mayar da ita mota, mijinta ko wando da ƙyar yake zurawa. Sauran biyun buɗe suke ta gaba, bayansu da tsini. Ɗaya kujerarta a sama take, mutum ba ya jiƙa sai daga gwiwa, ɗaya kuma a ƙasa, ruwa har kugu.

"Waccan mai tudun nake so," in ji Evaristo. "Daga sama ake hango kifi."

"Kawu Evaristo, ita iska ta fi ɗauka," in ji Nicasio. "Mai ƙasan ta fi sanyi, amma ta fi jin magana."

"Ba ni mai jin maganar," in ji Casilda. "Mara ji ɗaya ya ishe ni a gida."

Bakin ne kawai. Suka zura mata wandon roba mai kaiwa ƙirji, da rigar ceto. Ta ce takalmi ɗaya za ta sa. Nicasio ya ƙi, ya ce ko ta sa biyu ko ya kwashe kayansa, don in abu ya ɓaci gara tana da abin tsira. Ya hura wata agwagwar ya ajiye kusa da shi, ya ce in ta ɗaga hannu zai zo.

"Inna Casilda, da baya ake shiga. In kika fuskanci ruwa takalman za su kayar da ke."

Haka ta shiga, tana ja da baya, tana kallon mijinta a kan kujerarsa ta ninkewa, sandar dogarawa a tsakanin gwiwoyinsa. Ta zauna. Ƙasa ta kuɓuce wa ƙafarta. Ba ta taɓa sanin cewa duk rayuwarta akwai abu a ƙarƙashinta ba sai da ya tafi. Ta ƙanƙame robar nan da hannu biyu, ta kira sunan Maryamu a ranta.

Ta buga ƙafar dama. Agwagwa ta juya. Ta sake bugawa, ta sake juyawa, tudu ya wuce ta gabanta, ruwa ya wuce, ga tudu kuma. Ta ji dariyar Evaristo, wadda rabonta da ji tun kafin ciwon.

"Ke matar nan, rawa kika zo yi?"

"Rufe min baki, tsoho."

Zuwa bai yi wuya ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali, don ba ita ke kai kanta ba. Iska ce daga tudu take tura ta a hankali. Mutanen biyu suna ta ƙanƙancewa. Ruwan da ke tsakanin gwiwoyinta ya tashi daga kore ya koma baƙi. Sai ta ji robar da ta riƙe ta yi laushi a hannunta. Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta kasa kunne ko za ta ji iska na fita, ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Sanyin ruwa ne ke sa iskar ciki ta ɗan kwanta, kowane mai agwagwa ya san haka, amma shashashan nan Nicasio ya manta bai gaya mata ba.

Bayanta ya daki itacen. Ta kama wani reshe, ya karye a hannunta, iska ta wuce da ita.

Yanzu sai dawowa, kuma wanda zai koma baki dole ya ba bakin baya. Ta juya da ƙyar. Babu miji, babu Nicasio, babu tudu, sai ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da ƙananan igiyoyin ruwa suna marin gwiwarta. Ta buga, ta karkace. Ta buga da ƙarfi, ta ƙara karkacewa. Wani abu ya shafi takalminta a ƙasa, reshe ne ko kifi, oho. Cinyarta ta fara zafi. Ƙafar hagu kuwa tana nan lafiyayyiya, tana rawa, tana roƙon a bar ta ta yi aiki. Bugu goma da ƙafa biyu sun isa su miƙar da ita, kuma babu mai gani ƙarƙashin ruwa.

A nan tunanin ya zo mata, ta ji kunyarsa tun kafin ya gama zuwa. In ta sa ƙafar nan, ta tsira sau biyu. Ta fita daga ruwa, kuma mijinta ba zai taɓa shiga ba. Ta tanƙwashe ƙafar hagun ta cusa a ƙarƙashin kujera, tana kuka tana zagin Evaristo da kifayensa da zakaran da ya ba shi gashi.

Gajiya ce ta koya mata. Da cinyar ta gaza bugu mai ƙarfi, sai ta jawo ƙafar zuwa tsakiya tana ɗan kaɗawa ƙanana ƙanana, kamar mai gauraya madara kada ta zube. Agwagwa ta daina juyi. Itacen ya zo daidai da ita, ya tsaya a gabanta, ya tsaya, har ta ɗauka ba ta motsi. Can ta ga ya ɗan ragu. Ba ta waiwaya ba, don duk waiwaye sai ya karkatar da ita. Ta kafa wa itacen ido tana ƙirga bugu, ta kai ɗari ta koma ɗaya, ta sake kaiwa ta sake komawa, har ta daina sanin ko sau nawa. Nicasio ya ce minti arba'in ta yi. Ita ta ce ƙarya yake, wuni ne.

Diddigenta ya taɓa tsakuwa. Nicasio ya shigo ya ɗago ta, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta, ta zube a bakin ruwa tana haki, leɓɓanta sun yi fari. Evaristo ya taso, yana jan ƙafa a kan tsakuwa, ya tsaya a kanta. Babu sauran dariya a fuskarsa. Shi ma ya tsorata.

"Casilda, da nawa kika dawo?"

Ta dube shi. Ta san in ta ce biyu zai yarda, don ba ta taɓa yi masa ƙarya ba ko a kan kuɗin cuku. Ta kuma san yanzu abin da ke can bayan itacen, ta san baƙin ruwan, ta san yadda mutum yake zama shi kaɗai. Duk safiyar da zai shiga, ita za ta zauna a nan da wannan sanin.

"Da ɗaya," in ji ta. "Ka jawo ƙafar zuwa tsakiya, kada ka buga da ƙarfi. Kuma mai ƙasan za ka ɗauka."

Evaristo ya juya wajen Nicasio ya ce a ƙara wa agwagwar iska, yanzu zai gwada.

Ita ta ɗaura masa takalman da hannunta, don yatsunsa ba sa iya jan maɗaurin. Ta ja na hagun ma ta ƙulle tam, ko da yake ba abin da zai yi. Ya shiga da baya, Nicasio na riƙe da shi, ya zauna, ruwa ya ɗauke shi. Casilda ta koma kan kujerarsa da jiƙaƙƙen wandon robar a jikinta, haƙoranta na haɗuwa, tana kallonsa yana ƙanƙancewa.