Zanen Shuni

Jiya a kasuwar Kibiya warin shuni ya tuno mini da kakata, wadda ba ta iya ganin tsiraici ta wuce.

Zamanin da Nasara suka fara rangadi a Rano, babana yana yi wa wani Bature dako. Ruwan sama ya jiƙa kayan, sai ya kawo wani tsohon hoto gida ya shanya. Da siraran layuka aka yi shi, kamar tsagar ƙwarya: bijimi ya goyo budurwa tsirara cikin teku, wai almarar kakannin Nasara ce.

Kakata ta lakato shunin kitsonta da tsinke, ta ɗaura wa yarinyar hoton zane da shi.

"Inna, bulala zan sha!" in ji babana.

"Ka sha. Ko 'yar aljanu ce, ai tana da uwa."

Ya kuwa sha.

Allah ya suturta Inna yadda ta suturta 'yar wasu.