Yadda Na Koma Goyon Ummi

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa Maman Ummi ta yi kuɗi ta daina amsa saƙo, ku sassauta min, jinya na sha.

Kun san sana'ata, turaren wuta, kuma duk cinikin a waya yake. Ummi a bayana, kaina a sunkuye, ina amsa "nawa ne kwalba?" tun safe. In an kira kuwa, sai in maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa ina ci gaba da haɗi.

Da wuyana ya fara sagewa, Hajiyarmu ta ce, "Kwanciya ce ta karkace, sanyi ya shiga." Aka kira wanzami daga Dukawuya ya yi min ƙaho. Jini ya fita, ciwo yana nan.

Sai wata safiya na sunkuya zan goya Ummi, hannuna na dama ya mutu. Ta sulale. Allah ya sa kan katifa ta faɗa.

Ranar na yi kuka, don tsoro ya kama ni sosai.

A asibiti aka tura ni cikin injin hoto mai ƙara kamar inda ake niƙa. Hoton nan ya cinye jarina. Likita ta ce jijiya ce ta danne a ƙashin wuya, saboda yawan sunkuyo. "Ba goyo sai na ba ki izini. In kin yi wasa, tiyata ce."

Ummi ba ta san likita ba. Ta ja zane ta kawo min, ta dafa bayana tana kuka, ƙanwata ta ɗauke ta.

Na ce wallahi sai na koma goyonta kafin a yaye ta.

Na riƙe gashin ƙashi kamar sallah. Adaidaita ta ajiye ni bakin titi, in tako lungun Soron Ɗinki da abin tallafe wuya na asibiti a ɗaure, yara na kallona. Ban taɓa fashi ba, har hannun ya dawo, likita ta ba ni izinin goyo.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan gashi, da ƙanwata da ta riƙe min yarinya da kasuwa.

Don Allah ku ɗaga wayar zuwa daidai idonku, ku daina maƙale ta a kafaɗa, ku riƙa miƙewa kuna motsa wuya. In yatsu sun fara dindiris, ku tafi asibiti, kada ku jira.

Wannan rubutun ma a tsaye na yi shi. Ummi na bayana tana barci, yawunta ya jiƙa min riga, kuma ba zan sauke ta ba sai ta farka.