Anesia, Kin Ba Wani Gurbinki

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, aka bugo mini waya daga asibitin garin Bethel cewa kin cika. Anesia Wassillie, taubashiyata, shekara ashirin da biyu kina jami'ar lafiyar ƙauyenmu. Ciwon dajin tumbi ne ya ɗauke ki.

Ina tuna shekarar da masu bincike suka zo neman jinin mutanenmu, don su ga yadda garkuwar jiki take tunkarar ƙwayar cutar nan mai iya jawo ciwon daji, da ta zauna a tumbin yawancinmu. Mutane suka ƙi, sai da kika bi gida-gida. Tsoho Evon ya ce ba ya ba baƙi jininsa, kika ce, "Haba Kawu, sauron bakin kogi na sha kyauta, ni za ka hana cokali ɗaya?" Ya naɗe hannun riga.

Ni nake shigar da sakamako idan ya dawo. Jinin mutum goma sha ɗaya ya nuna alamar nau'in ƙwayar da ya fi haɗari, naki ne na huɗu. Likitan da ke leƙa ciki da na'ura kuwa mutum takwas kaɗai zai iya dubawa kafin jirginsa ya tashi. A gabana kika soke sunanki daga cikin takwas ɗin, kika rubuta na Evon, wanda yake cikin ukun ƙarshe.

Na ce, "Ke fa?"

Kika ce, "Uwar tsoro. Ƙwannafi ne, busasshen kifinki mai gishirin nan ya ja mini. In an gama kamun kifin bana zan je Bethel a duba ni."

Na yi dariya, Anesia. Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. Sau biyu ana gama kamun kifi ban sake tayar da maganar ba, alhali ina ganin kina ture kwano, rigunanki suna yi miki yawa.

Evon yana nan da ransa, an gano ciwon dajin a tumbinsa, an cire masa tun bai yi nisa ba. Shi ya sassaƙa gicciyen kabarinki. Bai san gurbin wa aka ba shi ba, ni kuma na rasa ko in gaya masa. Cikin ukun da ba a duba ba saura biyu, jiya na kai sunayensu Bethel da hannuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Ignaty, da 'ya'yanki Matrona da Gavril. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya ba ki hutawa, ya gafarta miki kurakuranki. Ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.