Baban Ɗakin Gwaji da Kwalba ta Goma Sha Bakwai

"Dakta, zaman makoki kwana uku ne, mujalla kuwa ba ta san an yi mutuwa ba," in ji Shugaban Sashe. A bakin ƙofar ɗakin gwaji ya tsaya, don warin wurin yana tayar masa da mura. "Ki tura musu takardar binciken kafin Juma'a. Lamba goma sha bakwai kaɗai ta isa ta ɗaga mu duka."

Na ce to. Kwana biyu ke nan da rasuwarka, Baba. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ta ce Allah ya yi maka cikawa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe firiji, in rufe, in goge teburin da na riga na goge.

Shekara talatin da ɗaya kana kula da ɗakin nan. Mu masu digiri sunayenmu suna saman takardu, naka yana can ƙasa a layin godiya, kusa da kamfanin da ya ba mu firiji. Ranar da wuta ta lalace, ka kwashe sinadaranmu a kular ƙanƙara ka kai firijin gidanka, matarka Inna ta same su jere da madarar jikoki, ta yi mako tana mita. Da ina da juna biyu ka hana ni taɓa komai wata biyar, ka yi aikin da kanka, kana cewa hannuna ne bai da sauri. Don kada in gode maka ne, na sani.

Aikinmu ba wuya a faɗe. Mun haɗa sinadarai ashirin, muna neman wanda zai iya kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A ɗiga kowanne cikin ruwa mai launin shunayya, a rufe a kabad mai duhu rabin awa. In launin ya koɗe ya koma rawaya, an dace. Goma sha tara suka ƙi. Na goma sha bakwai ya koɗe kafin in rufe kabad. Na yi rawa a gabanka, da digirina da komai.

Ka ɗaga kwalbar ka daɗe kana dubawa. "'Yata, wa ya wanke wannan?"

Ni ce. A cikinta muke zuba bitamin C, wanda da shi ake auna ƙarfin sauran, ɗan ragowarsa ma ya isa ya koɗar da ruwan, kuma ɗauraya ɗaya na yi mata don ina saurin ɗauko yara daga makaranta. Ka ce, "To ki sake gwajin." Ba ka faɗa wa kowa ba, ba ka kuma ƙara tayar da zancen ba. Mako shida ina cewa gobe, kai kana ajiye mini sabuwar kwalba kowace safiya a gefen teburina.

Yau na sake. Rabin awar nan a tsaye na yi ta. Shunayya ya shiga kabad, shunayya ya fito. Ƙarin girman da nake jira shekara huɗu ya bi ruwa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Inna, da 'ya'yansa biyar da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Ku sani mutumin kirki kuka ara mana.

Da azahar na kai wa Shugaba takardar, na soke lambar da jan biro, na faɗa masa dalili. Ya cire tabarau ya dubi ƙofa.

"Ban da ke, wa ya sani?"

"Mutum ɗaya, ranka ya daɗe. An binne shi ranar Talata."

"To, ai shi ke nan."

"Ai shi ya sa," na ce.

Na ɗauki jakata, na ja masa ƙofar a hankali, na sauka.