Ashe ni ne tarihin gidan tuwon Hajiya Yalwa

Muna shiga gidan tuwon Hajiya Yalwa da ke unguwar Sheshe na gyara zaman hulata. 'Yata Fa'iza ce aka ba aikin makaranta, ta rubuto tarihin wata tsohuwar sana'a a cikin gari. Ni kuwa tun a hanya nake cika mata baki cewa ni na ba Hajiya shawarar buɗe wurin, shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki.

Fa'iza ta kunna rikodar wayarta, ta ce, "Hajiya, an ce Babana ne silar wurin nan?"

Hajiya ta ajiye mara, ta dube ni.

"Shi ne mana. Yana gwauro a shagon ƙofar gidanmu, sabon malamin makaranta. Ya ɗora wake a risho ya tafi majalisa musun siyasa. Hayaƙi ya turnuƙe layi, muka fito da bokitai muna salati. Na ce wannan bawan Allah zai ƙone mu, kullum ya miƙo kwanonsa in zuba masa. Kafin sati gwagwaren unguwa duk sun jero nasu kwanukan a zaure."

Na ce, "Fa'iza, goge wannan wurin."

Ta ce, "Baba, ai na riga na tura wa Mama."

Shekara ashirin da wani abu ina faɗa wa uwar Fa'iza cewa kafin in aure ta, girkina sai an ɗanɗana.

Jama'a, da wace fuska zan shiga gida yau? Ina jiran shawararku a bakin layi.