Watandar Man Dizal

Gonar babanmu tana gefen hanyar Minjibir, in ka sauka daga kwalta ka ɗan gangara hagu. Bayan rasuwarsa ba mu raba ta ba, domin Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a ja igiya a gonar mijinta ba. Ni ce auta a gidan, ni ce kuma mai baki. Shi ya sa ranar da babban wanmu ya tara mu ya ce zai haƙa rijiyar burtsatse a kusurwar gonar ya buɗe kamfanin ruwa, ni kaɗai na tanka.

Na ce, "Yaya, in abin ya ƙi fa?"

Ya ce, "Auta, ruwa ne fa. Wa kika taɓa gani ya daina shan ruwa?"

Wani Alhaji ne a birni ya ba shi injina, aka ajiye masa takardar gonar a matsayin jingina. Duk mun san da haka, kuma mun yarda, saboda Yaya ba mutumin da ake zargi ba ne. Shi ke yi wa garinmu watanda duk ƙaramar salla. In an haɗa kuɗi an yanka sa, shi ake kira ya kasa naman, kuma ko hanta ce sai ya yanka ta daidai yadda babu kashin da zai fi wani. Mutane har tafiyarsu suke yi su bar shi da nama, sai an gama su aiko a ɗauka.

Injina biyu aka kafa a ɗaki ɗaya. Akwai ƙarami mai ɗura ruwan leda, wanda ke ta ƙyas-ƙyas tun safe kamar keken ɗinki. Akwai kuma babba mai hura robobi ya cika su, wanda saboda shi aka sayo wani ƙaton janareta da in ya tashi har kwanukan Inna sai sun amsa a cikin gida. Ruwan leda a nan kusa yake ƙarewa, masu shaguna da 'yan kasuwar ƙauye da gidajen suna duk shi suke saye. Na roba kuwa sai an loda shi a mota an kai birni, inda masu irinsa suka yi yawa.

Ƙarshen wata Yaya yakan zauna gindin darbejiya bayan la'asar ya yi lissafi. Kuɗin leda ya ɗora wa ruwan leda, kuɗin roba ya ɗora wa na roba, wannan ba gardama. Amma akwai abin da ba na kowa ba ne shi kaɗai: man dizal, gyaran janareta, albashin mai gadi da na direba. Waɗannan sai ya raba su biyu cif, rabi nan rabi can.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya, dizal ɗin ma watandarsa kake yi?"

Ya yi dariya ya ce, "To ɗakinsu ɗaya, wutarsu ɗaya. In fifita wa a kan wa?"

Ni ma dariyar na yi. Babu wanda ya ga aibun abin a cikinmu, adalci muka gani, irin wanda muka saba gani a hannunsa.

Ribar jakar ruwan leda 'yar kaɗan ce, yawan ciniki ne ke tara ta. Da aka jibga mata rabin dizal sai ta nutse. Wata bayan wata lissafi yana nuna ƙaramin inji asara yake jawowa, babban kuma yana ɗan kawo wani abu. Yaya ya fara jin haushin ƙaramin kamar yadda ake jin haushin akuya mai ɓarna. Daga ƙarshe ya sayar da shi ga wani mutumin Ungogo. Ina tsaye aka ɗaure shi a bayan a-kori-kura, aka rufa masa buhu.

Yaya ya zaci dizal zai ragu da rabi. Bai ragu ba. Janareta ya ci gaba da shan abin da ya saba sha, mai gadi da direba suna karɓar abin da suka saba karɓa, cinikin ƙauye kuma ya tafi tare da injin. Wata ranar Juma'a ya zo gidana, ya ƙi shiga, ya tsaya a soro yana murza hularsa.

Ya ce, "Auta, ashe babban ne ke shanye man. Ƙaramin ne yake ciyar da shi, ni kuma na kore shi."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. 

Ya ƙara wa ruwan roba kuɗi, masu shaguna a birni suka daina karɓa. Kafin damina ta zagayo an rufe ɗakin. Alhajin bai yi mana mugunta ba, ya jira iya jiransa, sannan dillalai suka zo suka yanka gonar fuloti-fuloti. Wanda ya sayi kusurwar rijiyar ya sa famfuna yana sayar wa 'yan garuwa. Inna ba ta yi wa Yaya faɗa ba ko sau ɗaya. Ta dai daina bin wannan hanyar, ko gidan ƙanwarta za ta sai ta zagaya ta bayan makabarta.

Har yau abin bai sake ni ba. Wani lokaci ina tsaka da aiki da rana sai in ji kamar rurin janaretan nan daga gabas, in tsaya in kasa kunne, alhali na san an daɗe da kwance shi. In na sayi ruwan leda a tasha na kai baki zan huda, sai in ce ko ƙaramin injinmu ne ya ɗura shi, yana can yana ciyar da wani gidan. Yaya kuma ya bar watanda. In an zo kiransa sai ya ce idonsa ya yi rauni.

Inna ta rasu da bazara, lokacin da rijiyoyin unguwa duk suka ƙafe. Da safe mata suka ce babu isasshen ruwan da za a yi mata wanka. Ga masu zuwa da yawa a ƙofar gida, amma Yaya ya ari kurar wani ɗan garuwa ya tura da kansa, ya dawo da jarkoki cike.

Sai bayan an share makoki, muna zaune mu biyu a ɗakinta, ya gaya mini. Famfon tsohuwar rijiyarmu ya je, ya bi layi kamar kowa. Mutumin da aka sa yana tsaron wurin ba ɗan garinmu ba ne. Da ya ji ruwan na wankan gawa ne, sai ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ya bar shi sadaka, Allah ya jiƙan tsohuwa.

"Ya taya ni ɗora jarkokin," in ji Yaya. "Sai ya tambaye ni ko ni baƙo ne a nan, don bai taɓa ganina a wurin ba."

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce masa e."