Layin James, Motar Salome

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a Samaru ya san farar bas ɗin nan da ke ɓullowa daga hanyar Bomo tun kafin masu shayi su gama hura wuta. Ya kuma san matar da ke riƙe da sitiyarinta, Madam Salome, doguwa, mai ɗan kwali ɗaure tamau, wadda ba ta da yawan magana kafin rana ta ɗaga. Maƙwabtanta sun shaida cewa ba ta taɓa tayar da inji ba sai ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa kowace taya, ta duba ruwa da mai, ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta ta Kirista. A shekarun baya da tsalle take hawa. A 'yan shekarun nan hawan ya zama aiki, sai ta kama ƙofa da hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafarta ta hagu da ɗaya hannun, ta ɗora ta a kan kuloci. Daga nan sai tasha, sai jiran layi, sai hanyar da ta haddace: Zango, Palladan, Kwangila, PZ, har bakin kasuwar Sabon Gari, ta sauke ta juyo. Haka ta yi ta yi fiye da shekara ashirin, har daminar bana, ta 2006, da gwiwa ta ce ta isa.

Ni fasinjanta ne tun ina hedimasta har na ajiye aiki, kuma ba na cikin masu yabon mutum don a ce sun yi yabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga yadda ta shiga wannan sana'a, na kuma ga yadda ta fita, na ga bai kamata a bar labarin a bakin 'yan tasha kaɗai ba.

Wajibi ne in fara da bayanin layi, domin wanda ba direba ba bai san nauyinsa ba. A tashar da take lodi, kowace mota tana da lokacin da za a ba ta dama ta ɗauki fasinja, shi ake kira layi. Ɗan kamasho ne ke kira, da baki, da sunan mai layin. Motar da ba ta da layi ƙarfe ce kawai a ajiye, komai lafiyar injinta. Al'adar wurin kuwa tun zamanin manyan direbobi na farko ita ce, mai layi idan ya tsufa yana da iko ya miƙa shi ga wanda ya koya wa tuƙi. Idan ya rasu, iyalinsa su riƙe shi har ɗansa ya girma. Amma mai riƙo ba shi da ikon miƙawa. Ranar da ya sauka, layin ya koma hannun ƙungiyar direbobi.

Mijin Salome, James, direba ne mai layi. Shi ya koya mata tuƙi a hanyoyin gona na bayan Bomo, wai don ta riƙa kai masa abinci da motar idan yana noma. Ya rasu a farkon shekarun tamanin, bayan gajeriyar jinya, ya bar mata yara ƙanana da bas. Ƙungiya ta ba ta riƙo, kowa yana zaton za ta nemo direba ta ɗora. Da ta fita takaba sai aka ga motar ta shigo tasha, ita ce a ciki. Aka duba al'ada ba a sami inda ta hana ba, domin waɗanda suka kafa ta ko a mafarki ba su zaci haka ba. Aka ƙyale ta, da sharaɗin layin na James ne. Tun daga ranar, duk safiya ɗan kamasho zai ɗaga murya ya ce, “James, layinka!” Ita kuwa ta tayar da mota ta matso. Ɗanta ya girma, ya zama ma'aikacin jinya a Kaduna, ya ce shi da tuƙin haya har abada. Riƙo ya ci gaba, sunan mamaci ya ci gaba.

Shekarun farko ba su yi daɗi ba. Da idona na ga wani mutum mai babbar riga ya shiga, ya leƙa ya ga mace, ya tattara rigarsa ya sauka yana cewa shi bai bar wasiyya a gida ba. Salome ba ta ko juyo ba, ta ce, “Sauka lafiya, Alhaji. Motan baya namiji ke ja, birki ne kawai ba shi da shi.” Mota ta kwashe da dariya. Amma ba kullum ake dariya ba. An sace mata iskar taya, an tsallake layinta da gangan, an yi mata waƙar zambo a bakin tasha. Nwankwo, makanikenta na Jushi, ya faɗa mini cewa akwai ranakun da takan shigo garejinsa ba don gyara ba, ta zauna a kan tsohuwar taya har ya gama aikin wani, sannan ta tashi ta ce, “To, bari in koma.”

Abin da ya bambanta motarta da sauran shi ne kujerar baya. Babu ita. Tun shekarar farko ta sa Nwankwo ya kwance ta. Direbobi ba sa son matan ƙauye masu kwandunan tumatir da buhunan gyaɗa da daurin rake, domin kaya na cin wurin mutum, sai su wuce su a bakin titi rana na dukansu. Salome 'yar manoma ce, uwarta da ƙafa ta riƙa kai kaya Sabon Gari. Saboda haka ta bar bayan motarta fili, domin matan Bomo da ƙauyukan kewaye. Abokan sana'a sun yi ta ce mata asara take yi. Takan amsa cewa ta ji.

Ke ce, Salome, wadda ba a taɓa jin kin bar tsohuwa a titi don kwandonta ya yi girma ba. Ke ce kika tsaya a Kwangila ranar da gari ya rikice, kowa yana ta kansa, kika cika mota da ɗalibai da 'yan kasuwa ba ki tambayi addinin kowa ba. Uwar lodi, ta hanyar Samaru. Ba zan ƙara a kan wannan ba, domin na san kirari yana gajiyar da ke.

Masu cewa abin da ta yi baƙon abu ne ba su san tarihin garin nan ba. Kafin motar farko ta taka ƙasar Zazzau, mata ne ke ɗauko rabin abin da ake ci a kasuwanninmu, a ka da kafaɗa. Mata ne suka kaɗa zaren da aka saƙa rigunan kakanninmu, su suka gina tukwanen da muka sha ruwa a ciki, su suka kaɗa ƙwarya a bukukuwanmu. A makarantar da na shugabanta na ga yarinyar da babu namijin da ya iya kamo ta a tsere. Ku tambaye ni sunayensu, sai in ce matar wane, 'yar wane, uwar wane. Wannan ita ce tsohuwar al'adarmu game da su, mu ci moriyar aikin, mu kira sunan wani.

Yanzu sai batun Lucia. 'Yar Jushi ce, iyayenta daga kudu suka zo, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta fi shekara goma tana kwandasta a motar Salome, mijinta ya tafi ya bar ta da yara biyu. Salome ta koya mata tuƙi kamar yadda aka koya mata, ta tsaya har ta sami lasin. Da likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara jure kuloci ba, Salome ta je gaban shugabannin ƙungiya ta ce tana so ta miƙa wa Lucia layi.

Babatunde, ɗan kamashon da ya gaji kiran layi daga ubansa, yana wurin, shi ya ba ni labari. Ciyaman ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce, “Madam, kin san muna ganin girmanki. Amma layin na James ne. Ke riƙo kike yi. Mai riƙo ba ya miƙawa.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, James ya ja motan nan shekara nawa, ni na ja nawa?”

“Ba a nan maganar take ba. Ba a taɓa yi ba.”

Babatunde ya ce shi bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya tuna musu cewa a zamanin ubansa an taɓa tabbatar wa ƙanin wani mamaci layi bayan ya daɗe yana riƙo. Ciyaman ya ce, “Wannan ai namiji ne. Kai kuma kira aka ɗauke ka, ba shari'a ba.”

Salome ta dafa benci ta miƙe. Ta ce, “Ni na gaji, ranka ya daɗe. Ban zo neman girma ba, girma ba ya gyara gwiwa. A kira sunana sau ɗaya, in amsa, layi ya zama nawa, in miƙa wa yarinyan nan makulli, in tafi gida in miƙe ƙafa. In kun karɓe layin, ita da 'ya'yanta ina za su?” Aka ce za a duba. Duk wanda ya zauna da ƙungiyoyinmu ya san ma'anar za a duba.

Ni mutum ne mai girmama abin da aka gada, kuma ban zargi Ciyaman da mugunta ba. Direbobi da yawa suna jiran layi, 'yan acaɓa sun kwashe rabin fasinja, kowa a matse yake. Sai dai kowace al'ada tana da ranar da aka fara ta, kuma mutane ne suka fara ta, masu gwiwa da 'ya'ya kamar kowa.

Makonni suka wuce ana dubawa, Salome tana ta jan mota da ƙafa a kumbure, domin ranar da ta fasa fitowa layin ya tafi. Abin da ya biyo baya ina wurin, na fito zan je PZ sayen jarida. Na tarar da matan ƙauye sun jera kwandunansu a bakin tasha, daidai inda motoci ke fita, kowacce ta zauna kusa da kayanta. Ba su yi ihu ba, ba su ɗaga kwali ba. Wasu ma ɓarar gyaɗa suke yi. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai tumatir, Inna Tambai. Wani direba ya danna ham, ya leƙo yana faɗa. Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, “Kai Ɗanjuma, ni na yanke maka cibiya. Zo ka taka ni, in ga wanda zai gaya wa uwarka.” Ya kashe mota.

Ciyaman ya fito ya ce, “Inna, me ya yi zafi?”

Ta ce, “Rana, ɗana. Ita muka sha a titi kafin matan nan ta cire kujera. In kun karɓe layinta, wa zai ɗauke mu? Kai?”

Rabin direbobin tashar ko uwa ko goggo ko suruka suna cikin matan nan. Ba a tura irin waɗannan. Shugabanni suka koma rumfa suka yi ƙus-ƙus, rana tana ɗagawa, ɗalibai suna ƙorafin sun yi latti. Can sai Ciyaman ya fito, fuska ba walwala, ya yi wa Babatunde alama da hannu.

Babatunde ya gyara murya ya ce, “Salome, layinki!”

Farar bas ba ta motsa ba. Tana zaune a bayan sitiyari, ta jingina kai da ƙofa, tana jiran sunan da ta saba ji. Ya sake kira. Sai Lucia ta taɓa kafaɗarta ta ce, “Mama, ke ake kira.”

Ta ɗago ta dubi tashar kamar baƙuwa. Sannan ta ce, “Na amsa.” Ta tayar da mota ta matso da ita wurin lodi. Ta zare makulli, ta sauko a hankali, ta kama hannun Lucia ta ɗaga shi inda kowa zai gani, ta danƙa mata. Ta zagaya ta ɗaya gefen ta zauna a kujerar fasinja. Mata suka loda kwanduna, ni ma na sami wuri a tsakiya. Kafin mu kai Kwangila barci ya ɗauke ta, kanta yana jijjiga da ramukan hanya, Lucia kuwa tana lallaɓa motar kada ta tashe ta. Washegari da safe sunan Lucia aka kira.

Na ziyarce ta a Bomo kwanan baya. Tana zaune a inuwa, ƙafa a kan turmi. Na ce zan rubuta wani abu a kanta. Ta ce, “Malam, me za ka rubuta? Mota na ja.” Na tambaye ta ko tana kewar hanya. Ta ce a'a, sai dai har yanzu idonta na buɗewa da asuba, ba ta san me za ta yi da shi ba.

Mun gode, Salome. Mun gode da kujerar da kika cire, da shekarun da kika amsa sunan mijinki ba ki ƙosa da shi ba, da ƙafar da kika ƙarar don wata ta sami wurin tsayawa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ci moriyar hutun nan da ya zo a makare.

Ga 'yan mata masu sha'awar sitiyari ko sufana ko filin wasa, ga hanya nan an taka muku ita, ba mai sauƙi ba ce, amma tana biyuwa. Idan kun kai, ku waiwaya ku koya wa wata. Mu kuwa sauran jama'a, akwai irinta a asibitocinmu da kasuwanninmu da gidajenmu, suna aiki a ƙarƙashin sunan wani. Mu kira su da sunansu tun suna da ƙarfin amsawa. Salome sau ɗaya ta ji nata, shi ma sai da aka taɓa ta.